Yadda Ake Haɗa Kwamfuta da Rumbun Bayanai da ke Kan Saba Mai Nisa

Na daɗe ina kula da rumbun bayanan wani ɗan kasuwa a nan Garwa, wanda yake da rassa a Marwa da Gaundere, sabar da ke ɗauke da lissafinsa kuwa, wato kwamfutar da ke aiki dare da rana ana shiga ta ta intanet, haya ake yin ta wata-wata a Faransa. Duk matashin da aka kawo mini domin ya koyi aiki, abin da yake fara ba shi wuya shi ne yadda zai zauna da kwamfutarsa a nan ya buɗe rumbun da ke can, ya ga kayan da suka shiga da waɗanda suka fita. Aikin ba shi da wuya idan an bi shi daki-daki, sai dai yawancin masu koyo suna fara shi ne daga ƙarshe: su buɗe manhaja, su cika gurabe, su danna, idan ta ƙi sai su shiga canje-canje ba tare da sanin inda matsalar take ba.

Rumbun bayanai, kamar PostgreSQL ko MySQL ko MariaDB, manhaja ce da ke aiki a kan saba, tana sauraren masu sallama a wata ƙofa mai lamba. Manhajar da za ka sa a kwamfutarka baƙuwa ce, ba ta ajiye komai, aika tambaya take yi ta karɓo amsa. Kafin tambayar ta isa sai ta wuce wurare huɗu: hanyar intanet, katangar tsaron sabar, ƙofar rumbun, sannan mai gadin da ke duba suna da kalmar sirri. Duk lokacin da haɗi ya ƙi, to ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya tare ka.

Kayan da za ka tanada

Kana buƙatar kwamfuta mai Windows 10 ko sama da haka, ko Linux, ko Mac, da intanet ko da na waya ne, domin tambayar rumbu ba ta cin data sosai. Sai manhajar shiga rumbu. Ni DBeaver nake ba masu koyo, nau'in Community wanda kyauta ne, saboda yana magana da rumbuna iri-iri, wanda ya iya shi ba sai ya sake koyon wata manhaja ba idan aka sauya rumbu. Akwai pgAdmin na PostgreSQL da MySQL Workbench na MySQL, kuma idan kwamfutarka tsohuwa ce mai ƙaramin ƙarfi, HeidiSQL ta fi sauƙi a kan Windows.

Sauran kayan bayanai ne da za ka karɓa daga mai kula da sabar, kuma ina ba ka shawara ka karɓe su a rubuce, kada a faɗa maka ta waya ka dogara da ƙwaƙwalwa: adireshin sabar, nau'in rumbun da lambar fitowarsa, lambar ƙofa, sunan rumbun da za ka shiga, sunan mai amfani da kalmar sirrinsa, da kuma sunan da za ka shiga sabar da shi ta SSH, wato hanyar shiga saba daga nesa wadda take ɓoye abin da ke tafiya a tsakani. Sunaye biyun nan daban suke, ɗaya na sabar ne, ɗaya na rumbun, kuma rikita su yana cikin kurakuran da na fi gani. Idan ba a sauya ba, ƙofar PostgreSQL 5432 ce, ta MySQL da MariaDB 3306, ta SQL Server 1433, ta SSH kuma 22. A misalan da ke tafe zan yi amfani da 203.0.113.10 a matsayin adireshin saba, da "kanti" a matsayin sunan rumbu, da "koyo" a matsayin sunanka a sabar da kuma a rumbun, duk da cewa asusu biyu ne daban, kai kuma sai ka musanya su da naka.

1. Sanya manhajar da direbanta

Ka sauko da DBeaver daga shafinsa na asali, dbeaver.io, kada ka karɓi wanda aka kwafo a filasha daga hannun wanda ba ka sani ba, domin manhaja ce da za ka riƙa ba ta kalmomin sirri. Fayil ɗin ya haura megabayit 100, saboda haka ka jira lokacin da layi yake da ƙarfi. Akwai abu ɗaya da ba a cika gaya wa mai koyo ba: manhajar ba ta zuwa da direban kowane rumbu, wato ƙaramin fayil ɗin da yake ba ta damar magana da wannan nau'in rumbun, sai ranar da ka fara haɗawa take neman ta sauko da shi. Idan za ka tafi aiki wurin da intanet ba shi da tabbas, ka sa ta sauko da direban tun kana gari. Idan kuma ta kasa, direban PostgreSQL ƙaramin fayil ne mai ƙarewa da .jar, wajen megabayit ɗaya, ana samun sa a jdbc.postgresql.org, sai ka shigar da shi da hannu ta Driver Manager. Kwamfutoci da yawa a nan da Faransanci aka saita su, don haka sunayen gurabe za su iya fito maka da Faransanci, amma matsayinsu bai canza ba.

2. Zaɓi hanyar da za ka bi

A nan ne ake yanke shawarar da ta fi kowace muhimmanci. Hanyoyi biyu ne: ko a buɗe ƙofar rumbun ga intanet ka shiga kai tsaye, ko a bar ta a rufe ka shiga sabar ta SSH, daga ciki ka isa rumbun. Ta biyun ita ake kira bututun SSH, kuma ita nake bi a kusan kowane aiki. Kamar gida ne: baƙo ta zaure yake shigowa inda za a san ko shi wane ne, ba a fasa masa katanga ta bayan ɗakin ajiya.

Waɗanda suke koyar da hanyar kai tsaye sukan ce a buɗe ƙofar ga adireshin kwamfutarka kaɗai, wanda shawara ce mai kyau ga wanda yake da adireshi tsayayye. Mu a nan yawancinmu da layin waya muke aiki, MTN ko Orange ko Camtel, 'yan'uwanmu na Injamena kuma Airtel ko Moov, kuma a layin waya adireshin da duniya take ganin ka da shi yana sauyawa, sannan mutane da yawa ne suke tarayya a kansa. Yau an rubuta adireshinka a katanga ka shiga, gobe ka kunna waya ka tarar an rufe maka. Bayan an sha wannan wahalar sau biyu ko uku sai mutum ya gaji ya buɗe ƙofar ga kowa. Na ga ƙarshen wannan da idona. Wani mai shagon magani ya kira ni da sassafe, an buɗe masa ƙofar 3306 ga duniya da kalmar sirri mai sauƙi domin ɗansa ya riƙa duba lissafi daga Marwa. Da na shiga, teburan kaya da na bashi duk babu su, sai tebur ɗaya da ba mu sani ba, a cikinsa an rubuta da Turanci cewa a biya kuɗin bitkoyin kafin a mayar da bayanan. Ba wanda ya nufe shi da gaba, akwai manhajojin da ba su da aiki sai zagaya intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofofin 3306 da 5432. Kwafin ajiya na mako biyu baya ne ya cece shi, sauran kuma sai da aka zauna da littafin hannu aka sake shigarwa.

3. Ƙera mabuɗin SSH

Buɗe PowerShell idan kana kan Windows, ko Terminal a Linux da Mac, ka rubuta:

`ssh-keygen -t ed25519`

Za a tambaye ka inda za a ajiye, ka bar shi yadda yake. Za a kuma nemi jimlar sirri ta kulle mabuɗin, kada ka tsallake ta, domin kwamfutar tafi-da-gidanka ana sace ta, kuma wanda ya samu mabuɗi marar kulle ya samu sabar. Fayiloli biyu za su fito a cikin jakar .ssh: id_ed25519 da id_ed25519.pub. Mai ƙarewa da .pub shi kaɗai za ka aika wa mai kula da sabar ya sa a asusunka. Ɗayan ba ya barin kwamfutarka, ba a tura shi ta WhatsApp, ba a ba abokin aiki aro, ko da maigida ne ya nema sai a ƙera masa nasa.

Bayan an sa mabuɗin, gwada shiga:

`ssh koyo@203.0.113.10`

A karo na farko za a nuna maka wani dogon jerin haruffa, wanda shi ne tambarin sabar, a tambaye ka ko ka amince. Ka kwatanta shi da wanda mai kula da sabar ya ba ka kafin ka amsa. Idan ka shiga, to hanya da katanga ba su da matsala, biyu daga cikin huɗun nan sun wuce ke nan.

4. A buɗe maka asusu a cikin rumbun

Kada ka yi aikin yau da kullum da babban asusu, wato postgres ko root, ko da an ba ka shi. Mai koyo asusun karatu kaɗai ya kamace shi har sai hannunsa ya faɗa. A PostgreSQL 14, wanda ya fito a 2021, da waɗanda suka biyo bayansa, layi biyu sun isa:

`CREATE ROLE koyo LOGIN PASSWORD 'doguwar-kalmar-sirri';`
`GRANT pg_read_all_data TO koyo;`

A MySQL da MariaDB kuwa asusu suna ne haɗe da wurin da aka fito, 'koyo'@'127.0.0.1' daban yake da 'koyo'@'%'. Tunda ta bututu za ka shigo, rumbun zai gan ka kamar daga cikin sabar kake:

`CREATE USER 'koyo'@'127.0.0.1' IDENTIFIED BY 'doguwar-kalmar-sirri';`
`GRANT SELECT ON kanti.* TO 'koyo'@'127.0.0.1';`

5. Cika gurabe a DBeaver

Zaɓi sabon haɗi, ka zaɓi nau'in rumbunka. Ka fara da shafin SSH: a nan ne za ka sa ainihin adireshin sabar, 203.0.113.10, da ƙofa 22, da sunanka na sabar, ka zaɓi shiga da mabuɗi, ka nuna fayil ɗin id_ed25519. Akwai maɓallin gwada bututun shi kaɗai, ka danna shi ka ga ya yi kafin ka ci gaba.

Sannan ka koma babban shafin, kuma ka kula sosai, domin a nan kusan kowa yake tuntuɓe. A gurbin adireshi ba za ka sake rubuta 203.0.113.10 ba, 127.0.0.1 za ka rubuta. Dalili shi ne bututun ya riga ya kai ka cikin sabar, daga can ake neman rumbun, shi kuwa 127.0.0.1 ma'anarsa "wannan na'urar da nake ciki". Na taɓa tarar da wani ɗalibina ya shafe yini guda yana fama, ya sauya kalmar sirri sau uku, ya goge manhajar ya sake sawa, alhali gurbin nan ɗaya ne ya cika da adireshin waje. Da muka gyara shi, teburan suka jeru a gefen hagu nan take. Sauran guraben su ne ƙofa 5432 ko 3306, sunan rumbu, da suna da kalmar sirri na rumbun. Sai ka danna Test Connection.

Idan manhajar da kake amfani da ita ba ta da shafin SSH, kana iya shimfiɗa bututun da hannu:

`ssh -N -L 15432:127.0.0.1:5432 -o ServerAliveInterval=30 koyo@203.0.113.10`

Ka bar tagar a buɗe, za ta yi shiru kamar ba ta aiki, haka ya kamata. A manhajar sai ka sa 127.0.0.1 da ƙofa 15432. Na zaɓi 15432 ne domin kada ta ci karo da 5432 idan akwai wani PostgreSQL a kwamfutarka, wanda in ba a kula ba sai mutum ya shiga rumbun gwajinsa yana zaton na sabar ne. Masu amfani da umarnin mysql a Linux su lura cewa idan suka rubuta localhost ba zai bi bututun ba, sai sun rubuta 127.0.0.1 da lambobi.

6. Idan babu makawa sai an shiga kai tsaye

Wani lokaci ba a ba ka SSH, musamman idan rumbun haya ne wanda kamfani yake kula da shi, ko kuma ofis ɗinku yana da layi mai adireshi tsayayye. Idan kai ne mai kula da sabar, gyara uku za ka yi. Na farko, PostgreSQL daga asali ba ya sauraren kowa sai na cikin gida, don haka a fayil ɗin postgresql.conf, wanda a Ubuntu da Debian yake cikin /etc/postgresql/16/main/ ko lambar da ta dace da naka, sai a gyara listen_addresses, sannan a sake tayar da rumbun gaba ɗaya. Makamancinsa a MySQL da MariaDB shi ne bind-address. Na biyu, a pg_hba.conf a ƙara layi na adireshin ofis kaɗai, wanda a misalin nan 198.51.100.7 ne:

`hostssl kanti koyo 198.51.100.7/32 scram-sha-256`

Ana karanta layukan wannan fayil daga sama zuwa ƙasa, na farkon da ya dace shi ake bi, saboda haka wurin da ka sa layin yana da tasiri. Na uku, a buɗe ƙofar a katanga ga wannan adireshin kaɗai:

`sudo ufw allow from 198.51.100.7 to any port 5432 proto tcp`

Kamfanonin haya da yawa suna da wata katangar ta biyu a shafinsu na sarrafa saba, ita ma sai an buɗe ta. Kada ka taɓa rubuta 0.0.0.0/0 da niyyar za ka gyara daga baya, ba a komawa.

A ɓangarenka kuma, ka kunna SSL, wato tsarin ɓoye bayanai a hanya, a saitin haɗin. A PostgreSQL matakin require yana ɓoye abin da ke tafiya a hanya, amma ba ya tabbatar da cewa sabar gaskiya kake magana da ita, verify-full ne yake yin duka biyun, kuma yana buƙatar a ba ka takardar shaidar sabar, sannan ka yi amfani da sunan da ke cikinta. Kafin ka buɗe manhaja, ka fara gwada ƙofar ita kaɗai, a PowerShell da `Test-NetConnection 203.0.113.10 -Port 5432`, a Linux da `nc -zv 203.0.113.10 5432`.

7. Karanta saƙon kuskure kafin ka taɓa komai

Saƙonnin da Turanci suke fitowa, amma kaɗan ne, kuma kowanne yana nuna wurin da aka tsaya. Idan ka daɗe kana jira sannan aka ce "Connection timed out", sallamarka ba ta isa ba, ko dai adireshi ba daidai ba ne, ko katanga ta haɗiye ta, ko layinka ya yanke. Idan nan take aka ce "Connection refused", ka isa sabar amma ba mai saurare a wannan ƙofar, wato rumbun a kashe yake, ko lambar ƙofa ba daidai ba ce, ko yana sauraren cikin gida kaɗai. "No pg_hba.conf entry for host", da takwaransa na MySQL mai lamba 1130, labari ne mai daɗi a wani ɓangare, domin rumbun ya ji ka, adireshinka ne ba ya cikin waɗanda aka yarje wa, kuma saƙon yana nuna adireshin da aka gan ka da shi. "Password authentication failed" ko lamba 1045 a MySQL suna da kalmar sirri ne, kuma a nan ka duba madannanka: wanda ya saba da madannan Faransanci na AZERTY ya koma QWERTY, A da Q da M da lambobi duk sun sauya wuri, kuma gurbin kalmar sirri ba ya nuna abin da kake bugawa. A MySQL 8 kuma DBeaver yakan ce "Public Key Retrieval is not allowed", maganinsa shi ne a kunna SSL, ko kuma, idan cikin bututu kake, a mayar da allowPublicKeyRetrieval zuwa true a saitin direba.

Gyara ɗaya za ka riƙa yi ka gwada. Idan ka sauya abu uku a tare sannan ya yi aiki, ba ka san wanne ya gyara ba, kuma mai yiwuwa ka bar wata ƙofa a buɗe.

8. Gyare-gyaren da yanayinmu yake buƙata

Da zarar haɗin ya yi, gwada haruffanmu. Nemi suna mai ɗauke da ɓ ko ɗ ko ƙ, ko ŋ na Fulatanci, ko é na Faransanci, ka ga ko sun fito daidai. Idan alamun tambaya ka gani a madadinsu, kada ka shigar da komai sai an duba tsarin haruffa, wanda ya kamata ya zama UTF8 a PostgreSQL, utf8mb4 a MySQL. Ka duba agogo kuma. Sabobin haya galibi a kan agogon duniya na UTC suke, Kamaru da Cadi kuwa suna gaba da awa ɗaya, saboda haka cinikin da aka yi da ƙarfe 12:30 na dare zai iya faɗawa lissafin jiya. A PostgreSQL `SET TIME ZONE 'Africa/Douala';` ko 'Africa/Ndjamena' yana daidaita zaman da kake ciki.

A saitin haɗin akwai wurin zaɓar nau'insa. Ka mayar da na sabar aiki Production, DBeaver zai rina shi ja, ya riƙa neman tabbaci kafin ya aiwatar da umarni mai sauya bayanai, kuma ba zai tabbatar da canji ba sai ka danna Commit da kanka. Wannan yana da amfani biyu a wurinmu, domin da bazara, idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, ɗauke wuta yana yawaita, kuma aikin da layi ya yanke a tsakiyarsa ba a tabbatar ba rumbun zai warware shi ya koma yadda yake. Amma kada ka fara canji ka tashi salla ka bar shi a buɗe, domin layukan da ka taɓa suna nan a kulle, mai karɓar kuɗi a reshen Gaundere zai tsaya yana jira bai san dalili ba. Ka tabbatar ko ka janye kafin ka miƙe. Ka kuma kunna Keep-Alive, kamar daƙiƙa 30 ko 60, saboda layin waya yakan yanke haɗin da ya yi shiru.

Manhajar layi 200 take fara ɗebowa daga kowane tebur, ka bar ta haka, kada ka ce ta kawo duka a kan datar waya. Idan kuma kwafin rumbun gaba ɗaya kake so, kada ka jawo shi ta DBeaver. Ka shiga sabar ta SSH, ka buɗe tmux domin aikin ya ci gaba ko layinka ya yanke, ka yi kwafin a can da `pg_dump -Fc kanti > kanti.dump`, wanda yake fitowa a matse, sannan ka ɗauko fayil ɗin da `rsync -P`, wanda idan an yanke a rabi za ka sake ba da umarnin ya yi amfani da abin da ya riga ya sauko. A Windows babu rsync sai an sanya WSL, wato Linux da ke aiki a cikin Windows, idan ba ka da shi WinSCP ma tana iya ci gaba da saukarwa daga inda ta tsaya.